Giwar Bangon Makaranta

A garinmu, can bakin kogi kudu da Rusairis, ba a barin hoton dabba da rai. Duk abin da aka zana mai numfashi sai an yanka shi. Ba da wuƙa ba, da alƙalami: a ja layi siriri a wuyansa daga wannan gefe zuwa wancan, shi ke nan ya zama gawa, mai zane ya huta. Dalilin kuwa kowa ya san shi tun yana ƙarami. An ce ranar lahira za a tsayar da mai zane gaban abin da ya zana, a ce ya hura masa rai, ba kuwa zai iya ba. Amma in ya riga ya yanka shi tun a duniya, ai ba a tambayar mutum ran gawa. Haka muka taso muka tarar, kakanninmu sun zo da abinsu tun daga yamma. Ranar da aka raba mana littafin karatu a makaranta, kafin mu karanta ko harafi ɗaya sai da muka bi shi shafi-shafi muna yanka kaji da raƙuma da kifaye. Har kifi, da ko na gaske ba a yanka shi. Zakaran jikin kwalin sabulu ma bai tsira ba. Dabbobin da ke jikin takardar kuɗi kaɗai na ga an ƙyale, ban kuwa taɓa jin wanda ya ta da maganarsu ba.

Garin nan yanzu babu shi, ruwa ya cinye shi da aka ƙara wa dam tsawo. Abin da zan faɗa ya faru ne kafin nan, a shekarun da yaƙi ya ɗan lafa, motoci suka fara shigo mana da baƙi iri-iri, kowa da abin da ya zo koya mana. Lokacin ina gidan mijina da 'ya'yana, ina sayar da shayi da ta'amiya, irin ƙosan da ake yi a can, a gindin darbejiyar da ke ƙofar makaranta. Saboda haka duk abin da ya faru a gaban idona ya faru, ba labari aka ba ni ba.

Ina da ƙane, ni na goye shi. Shan inna ya shanye masa ƙafa ɗaya tun yana rarrafe, ɗayar ma ba ta da wani ƙarfi, da sanda yake tafiya, ya rungume ta da hannu biyu yana tura kansa gaba. Ya kusa talatin a lokacin, ba aure, ba gona. Amma Allah ya ba shi hannu. Shi ke yi wa masu raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, zane a bayan rakshocinsu, da masu amalanken jaki, da ƙofofin shaguna. Zaki, shaho, doki a guje. In ya gama sai ya tsoma ɗan siririn buroshi a jan fenti ya ja musu layi a wuya, kamar yadda kowa yake yi. Yakan ja shi siriri ƙwarai, sai ka matso za ka gani, amma bai taɓa fasawa ba.

Babanmu bai taɓa dukansa ba kafin wannan abin. Da dukansa yake yi ma da ya fi sauƙi. Ba ya ganinsa ne kawai. In baƙo ya tambaye shi 'ya'yansa maza, sai ya lissafa masu noma ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, sannan daga ƙarshe ya ce, "Sai gurgun." 'Yan'uwansa suna cin abinci da Baba a zaure, shi kuwa da gemunsa yana ci a cikin gida tare da mata da yara. Ba wanda ya taɓa cewa haka za a yi, haka dai ake yi.

Baba maharbi ne a ƙuruciyarsa, shi ne mutum na ƙarshe a garinmu da ya taɓa kashe giwa. A zamaninsu giwaye na gangarowa daga tsaunukan Habasha da damina zuwa dajin Dindir, su kuwa su bi su da sango, wani guntun mashi mai dafi da ake ɗurawa a bakin bindiga. Da haure ya yi aure, da haure ya je Makka. Da ya dawo ya rataye bindiga, ya sa wa gemunsa lalle, ya kama sahun gaba a masallaci, bai ƙara ta da zancen daji ba. Sai dai in an yi maganar waɗanda ke zuwa a kan raƙuma da bindigar kalashi su buɗe wa garken giwaye guda wuta, yakan tofar da yawu ya ce waɗannan ba maharba ba ne, mahauta ne. Su kam sun gama da giwayen. Yaran garinmu ba su san giwa ba sai a jikin kwalin ashana.

Wata ranar kasuwa wani saurayi siriri ya sauka daga mota ya zauna shan shayi a wurina. Ba ya jin Hausa, da Larabci muke magana. Ya ce yana aiki ne da masu kare namun daji. 'Yan giwayen da suka rage a bakin iyaka ana ƙarasa su saboda haurensu, ana kai wa masassaƙan birni su yi warwaro da carbi da kan sanda. Yana son a zana giwa a bangon makaranta, babba, girmanta na gaske, don yara su tashi suna ganinta. Ya ga wani zaki a bayan wata raksha da ke tsaye a wurin ya tambayi mai zanen, aka nuno masa ƙanena yana zaune a benci na. Suka yi magana mai tsawo. Ya ce in giwar ta yi kyau zai tafi da shi birnin Damazin, akwai alluna da bangaye da yawa da ke jiran mai zane, da ɗaki da albashi. Sai ya sa yatsa a wuyan zakin ya ce, wannan jan layin fa na mene ne? Ƙanena ya yi masa bayani. Mutumin ya yi dariya har shayi ya zube masa a wando.

"La, la," ya ce. "Tawa giwar ba a yanka ta. Abin da muka zo hanawa ke nan."

Ƙanena ya amsa masa nan take, bai shawarci kowa ba. Da motar ta tashi na ce masa, "Kai, Baba hwa? Ka san ba shi yarda a bar ta da rai."

Ya ce, "Yaya, Baba ya san ina duniya?"

Daga baya, yana wanke buroshi, ya gaya mini gaskiyar abin. Ba albashin ne ya dame shi ba. So yake wata rana baƙo ya tambaya, Baba ya ce, "Sai mai aiki Damazin." Wannan kaɗai yake nema.

Aka jera ganguna a gindin bango aka ɗora katako a kansu. Kowace safiya masu raksha su ɗaga shi su ɗora a kan katakon da gwangwanayen fentinsa, in ya tashi sauka su sauke shi, don shi kaɗai ba zai iya ba. Matsalar ita ce bai taɓa ganin giwa ba. Daga kwalin ashana yake kwaikwayo, abu kamar farcen yatsa yana son ya mai da shi girman ɗaki. Abin da ya fara fitowa a bangon nan, Allah ya gafarta mana, jaki ne mai kumburin ciki da aka liƙa wa tiyo a fuska. Masu shan shayi suka samu abin hira. Har ni sai da na juya baya na yi tawa dariyar a cikin mayafi.

Ana cikin haka Baba ya zo wucewa. Hanyarsa ce daga masallaci, kullum yana bi ba ya ko waiwaye. Ranar nan ya wuce, ya tsaya, ya dawo da baya.

"Wanga mi na?"

Ƙanena ya waiga ya ga da shi ake. Ya ce, "Giwa ta, Baba."

"Giwa! Wanga ko gyado ya hi shi kama da giwa." Ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa bango. "Ƙahwar baya ta jaki ka yi mata. Giwa gwiwa gare ta irin ta mutum, gaba take lanƙwasa. Goge."

Ya goge. Baba ya tsaya har aka sake ƙafar, ya yi tsaki ya tafi. Washegari ya dawo, wai wucewa yake. Ya zagi kunnen, ya zagi bayan. Kashegarin wannan sai ga shi da buzunsa a kafaɗa, ya shimfiɗa a inuwar darbejiya ya ce in ba shi shayi mai na'ana'a. Daga nan ya zama kullum.

Ban taɓa jin Baba ya yi magana mai yawa haka ba, a gida ko a waje. Mutum ne da ba ya iya ganin an yi abu ba daidai ba ya yi shiru, giwa kuwa ita ce abin da ya fi sani a duniya, ya shekara da shekaru ba wanda zai gaya wa. Ya ce bayanta ba tudu ba ne, yana ɗan lotsawa a tsakiya. Ya ce ba ta da launin kanta, launin ƙasar da ta yi wanka take ɗauka, ya sa aka ɗebo jan laka daga bakin kogi aka cuɗa da fenti. Ya ce nonuwanta ba a baya suke ba kamar na saniya, a ƙirji suke tsakanin ƙafafun gaba kamar na mace, matan da ke wucewa suka rufe baki suna dariya. Yakan tashi ya kwatanta tafiyarta, tsoho da jan gemu yana jujjuya kafaɗa a tsakiyar hanya. Wani lokaci ya miƙa hannu ya riƙe wuyan hannun ƙanena ya ja masa layi. Giwa ta fara fitowa daga bangon nan sannu a hankali, masu dariya suka daina dariya, mutanen ƙauyukan kusa suka fara ratsowa su gani.

Wata rana Baba ya sha rabin shayinsa, ya miƙa wa ƙanena sauran a kan katako. Ya kira shi da sunansa. Ni dai tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Da yamma kuma ya ce wa Inna a kai abincin yaron zaure. Yaron, mai gemu. Na je gida na tarar da Inna zaune bakin murhu tana kuka ba sauti, na zauna na taya ta. Na yi murna irin wadda ban ƙara yi ba, har na riƙa jin kunyar duk abin da na taɓa riƙe wa Baba a zuciya.

Ban lura da lokacin da abin ya sauya ba. Da farko giwa yake koya masa, kowace giwa. Daga baya ya koma wata giwa guda. Ya ce a karya kan hauren hagu. Ya ce a yi tsaga a ƙasan kunnen dama, ya nuna tsawonta da yatsunsa. Ya ce a sa ɗa a gindinta, ƙarami, wanda zai iya shigewa ƙarƙashin cikinta ba tare da ya sunkuya ba. Wani mai shan shayi ya ce, "Alhaji, kamar ka san ta."

Baba ya ce, "Awo, na san ta mana. Da ita nit tahi Makka."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya gyara zama ya ba da labarin. Ya ce a ciki ya sa mata sango, daga kusa. Suka bi sawunta cikin ruwa da ciyawa kwana da kwanaki, tana tafiya tana tsayawa tana jiran ɗanta, har dafin ya kayar da ita. Suka hau fuskarta da gatari, don haure ba ya fita sai an sare ƙashin. Ɗan bai gudu ba. Suna sara yana kutsawa tsakaninsu yana neman nono, yana ture su, suna ture shi. Da suka ɗauki haure suka kama hanya sai ya biyo su yana kuka, kukan kuwa ana ji daga nesa, ga 'yan gadin daji suna yawo.

Wani ya ce, "To, ya kunka yi da shi?"

"Albarushi tsada gare shi," in ji Baba. "Na bi ta baya na sare mai agara duka biyu. Nan munka bar shi zaune, kamar kare."

Wasu suka yi 'yar dariyar dole, wasu suka duƙar da kai cikin kofunansu. Na dubi ƙanena. Ya ba mu baya, yana gyara ƙafar ɗan giwar, ƙafarsa shanyayya tana reto daga kan katako. Bai waiwayo ba. Baba kuwa ya miƙo mini kofi ya ce in ƙara masa sukari.

Ido aka bari na ƙarshe. Baba ya riga ya gaya masa yadda yake: ƙarami, ja-ja kamar zuma, da dogon gashi a fatar sama. Ana gobe mutumin zai dawo, aka ɗora ƙanena kan katako tun da sanyin safiya ya yi shi shi kaɗai. Ina hura gawayi na ɗago kai na ga giwa tana kallona. Ba kallon fushi ba ne, kallo ne kawai, irin na wanda ya gaji yake jira ka gama abin da kake yi.

Da hantsi Baba ya iso. Ya shimfiɗa buzu, ya ɗaga kai, bai zauna ba. Ya matsa dama, ya matsa hagu, ya ja da baya har tsakiyar hanya. Na ga leɓɓansa suna motsi. Ƙanena yana kan katako yana murmushi, yana jiran abin da za a ce masa.

Baba ya ce, "Yanka ta."

"Baba?"

"Ka gama. Yanka ta, ka sauko."

"Baba, ai ka san sharaɗin. Gobe mutumin shika zuwa. In na ja layin ga, aikin ya tashi."

Baba ya san sharaɗin, duk gari ya sani, tun ranar farko. Ya zauna makonni a gaban bangon nan bai ce uffan ba. Amma yanzu sai ya ɗaga murya don jama'a su ji, ya kama wa'azi: ranar tsayuwa, hura rai, ɗan da aka haifa a gidan salla zai bar gunki a bangon da ɗiyan Musulmi ke karatu. Yana magana yana kauce wa bangon da idonsa. Ni da na san shi na gane ba lahira ce ta tsorata shi ba. Da bakinsa ya dawo da giwar da ya kashe, ga ta tsaye a kan hanyar masallacinsa, zai wuce ta gabanta kowace salla har ya mutu.

Ƙanena mai haƙuri ne, amma jininmu ɗaya da Baba. Ya ce, "Ni za a ce in hura ma hoto rai, Baba? Kai da kac cire na gaske hwa, mi za a ce maka?"

Baba ya tako ya ɗaga sanda ya zuba masa a ƙaurin ƙafar mai lafiya, sai da na ji ƙarar a haƙorana. Ya ɗauke sandar tafiyarsa da ke jingine da ganga, ya sa ta ƙarƙashin buzunsa ya zauna a kai.

"Nan zaka zama har ka yanka ta. Duk wanda yas sauke shi, ban yahe ba duniya da lahira."

Bazara ce, bangon kuma yamma yake kallo. Da rana ta karkata sai ta sauka a kansa gaba ɗaya, gangunan ƙarfe suka yi zafin da ba a iya taɓawa. Na ɗebi ruwa a kofi na nufi katakon, Baba ya doke kofin da sanda. Na ɗebo wani, na faɗa masa maganganun da ɗiya ba ta faɗa wa uba, mijina ya zo ya riƙe ni ta baya ya ja ni. Masu rakshan da ke ɗaga shi kullum suna zaune kan mashinansu suna kallon ƙasa. Yayyensa suka dawo daga gona suka tsaya nesa. Liman ya zo ya ce masa, "Ɗana, layi guda na, ja ka huta." Shugaban makaranta, baƙo ne a garin, ya leƙo ya ga rikicin gida ne ya koma ofis. Aka yi azahar, Baba ya yi tasa a kan buzun bai matsa ba.

Ƙanena ya jingina da cikin giwar, ya rufe ido, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Bai roƙi kowa ba. Aka tashi 'yan makaranta suka taru suka yi da'ira. Mutum ne, tun asuba yake saman katako. Can sai na ga ruwa yana bin wandonsa yana ɗiga gefen ganga. Wani yaro ya nuna da yatsa, sauran suka kwashe da ihu. Har yau in na tuna ihun nan sai in ji na tsani garinmu duka, har da darbejiyar da na zauna a gindinta.

Wani ya je ya gaya wa Inna. Matar da ba ta fita da rana, ga ta tafe ba takalmi. Ta durƙusa gaban Baba, ko kallonta bai yi ba. Sai ta tashi ta je gindin katakon ta kama ƙafar ɗanta, shanyayyar, ta riƙe da hannu biyu.

"Don nonon da kash sha, yanka ta. Kar ubanka shi yi maka baki. In ya yi maka baki ina zan sa kaina?"

Ya buɗe ido ya daɗe yana kallonta. Sannan ya jawo gwangwanin jan fenti. Zafi ya tsinka fentin. Layin bai fito siriri yadda ya saba ba, kauri ya yi, ya fara zuba yana gangarowa kan ƙirjin giwar har ƙasa.

Ya ajiye buroshi. Baba ya ce, "Da ɗan."

"Baba."

"Da ɗan, nac ce."

Ya ja jiki zuwa ƙarshen katako ya sunkuya ya yanka ɗan. Baba ya tashi ya kaɗe buzunsa, ya bar sandar a ƙasa, ya tafi la'asar. Sai a lokacin maza suka tuna suna da hannuwa.

Washegari mutumin ya iso da abin ɗaukar hoto a wuya, da wani abokin aikinsa da ya jawo don ya nuna masa. Suka tsaya gaban bango. Ya ce wannan ce giwar da ta fi kowace kyau da ya taɓa gani a bango, abu ɗaya tak ya roƙa, shi ne aka yi masa. Ya ce yara za su riƙa shiga aji ta gaban giwa da ɗanta cikin jini? Ya juya ga abokinsa ya faɗi wata magana a kan mu Fallata, kamar yadda suke kiran mu da muka zo daga yamma, da taurin kanmu, a gabanmu, kamar ba ma jin Larabci. Sannan ya tambaya wa ya sa aka yi haka.

Baba yana tsaye cikin jama'a da farar jallabiyarsa ta Juma'a. Ya tako gaba, da Larabcinsa mai kyau na mahajjata, ya ce a yi haƙuri da yaron, nakasasshe ne, kansa ma ba daidai yake ba, ba ya jin maganar kowa. Ya ce shi da kansa ya wahala a kan zanen nan, dubi yadda aka ɓata.

Duk gari na tsaye. Liman na nan, masu raksha na nan, yayyensa na nan. Ba wanda zai ƙaryata dattijo alhaji a gaban baƙo. Na buɗe baki na fara, haushi ya sa Hausa ce ta fito mini, kafin in juya ta Larabci ƙanena ya kama gefen mayafina ya ja.

"Yi shiru, Yaya." Ya ɗaga kai ya ce wa mutumin, "Ni na yi. Ra'ayina ne."

Mutumin ya ce a shafe bangon da farar ƙasa kafin ya bar gari, maganar Damazin kuma babu ita. Ƙanena ya ce ba wanda zai shafe sai shi. Aka sake ɗora shi kan katako da ƙaurinsa a kumbure. Jan fentin ya ƙi ɓoyuwa, a shafa ya bushe ya sake ɓullowa, sai da ya bi shi sau da yawa. Ya wuni a kai.

Inna ta kwanta da zazzaɓi, don haka ni na yi girki a gidanmu ranar. Gab da magariba na kai wa Baba tuwo zaure. Yana zaune da 'ya'yansa maza sun kewaye akushi, sai ga ƙanena ya iso, farar ƙasa har cikin gemunsa. Bai shiga ba. Ya zame daga jikin sandarsa ya durƙusa a bakin ƙofa, irin durƙuson da ƙafarsa ke iya yi.

"Baba, na yi abin da kac ce. Na yanka su, na ruhe maka asiri gaban baƙo. Ka sa min albarka."

Baba ya yanki loma ya tsoma a miya ya kai baki. Ya tauna a hankali ya haɗiye. Sannan ya dube shi, daga gemu har ƙafa.

"Albarkar mi? An ba ka aiki ka kasa riƙewa. Ita waccan giwar kwana da kwanaki tana tahiya da sango cikinta ba ta durƙusa ba. Kai yini guda cikin rana." Ya sake miƙa hannu cikin akushi. "Da namiji na kai, da ba ka yanka ta ba."

Ba wanda ya daina tauna. Ƙanena ya ɗan jima a durƙushe, sannan ya ce, "To, Baba." Ya lalubi sandarsa ya miƙe, ya zagaya ta ƙofar mata.